Kano zuwa Agadas a motar da ba ta ƙoshi da gas

Ɗaurin auren ɗan wani abokin cinikina ne ya kai mu Agadas, mutumin da muka daɗe muna harkar fata da shi. Niyyata in shiga bas daga Damagaram kamar kowa, sai Yaya ya ce atafau, ga Land Cruiser ɗinsa ta gona tana zaune, mu tafi da ita har da direbansa. Tsohuwa ce mai injin 1HZ, silinda shida, ba turbo, irin wadda ko a tsakiyar daji ta tsaya ba za a rasa mai kwance ta ba. Ya ce a kwalta ba ta wuce lita 13 zuwa 14 a kilomita ɗari, da wannan lissafin na ware kuɗin mai.

Mun cika tanki a Kano, muka bi ta Daura, muka tsallaka ta Kwangwalam, sai Matamaye, sai Damagaram. Duka tafiyar wajen kilomita 240 ce. Da muka tsaya ciko, ina tsaye ina kallon lambar famfo, ta wuce 30, ta wuce 40, ba ta tsaya ba sai a 51. Na ce wa yaron anya famfonsa lafiya? Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, famfo lafiyarsa lau, kat-kat ɗinka ce mai babban ciki." Lita 21 ke nan a kilomita ɗari, a kan kwalta, ko yashi ba mu taɓa ba. Direba ya ce sanyin mota ne da muka kunna, da kayan gudummawa da muka loda a kan kariya. Su ma suna ci, ba musu, amma ba su kai su ƙara rabin abin da aka saba ba.

Masu cewa mai ya fi arha a Nijar su bari sai sun canza kuɗi tukuna. Bayan ragin da gwamnatinsu ta yi a Yulin 2024 litar gas ta koma sefa 618, a ido kamar ba komai, amma jaka ɗaya, wato sefa dubu, ta haura naira dubu biyu, in ka buga sai ka ga ba ka tsira da komai ba. Abin da ya burge ni shi ne farashin ɗaya ne a duk gidan man da ka shiga. A Kano kuwa kowane gidan mai da nasa kuɗin gas, sai ka zaga uku kafin ka san wanda bai yanke ka ba. Wajen kilomita 50 arewa da Damagaram muka wuce matatar SORAZ, wadda suka buɗe da 'yan China a 2011, tana tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem. Ƙarama ce, amma tana aiki. Tamu ta Kaduna ta ninka ta girma, ta yi shekaru a tsaye.

Saboda tsoron abin da muka gani, mun cika jarkoki huɗu a Damagaram, su kuma suka jawo mana magana a wani shinge. Jami'in ko sallamarmu bai amsa ba. Ya zagaya bayan mota, ya shuri jarka da ƙafa, ya ce ina za mu kai wannan mai, ko sayarwa za mu yi? Na ce motar ce ke sha. Ya ce shi ma ya san kat-kat, ba a yi wadda za ta shanye wannan kafin Agadas ba. Ya riƙe takardunmu ya koma inuwa ya ci gaba da shan shayinsa, mu muna rana. Sai da babbansu ya fito, ya duba takardun, ya ga hayaƙin da motar ke fitarwa da aka tayar da ita, ya ce wa yaron nasa ya sallame mu, mu kuma mu nemi bakanike a Tanut.

A Tanut ɗin ne tafiyar ta yi daɗi. Bakaniken wani dattijo ne Buzu, rawaninsa har hanci, garejinsa bai wuce rumfa da akwatin sufana ba. Bai fara buɗe bonet ba. Zagaya motar ya yi yana ɗora bayan hannunsa a kan kowane wili, da ya zo na baya na hagu ya janye hannu da sauri, ya ce in taɓa. Zafi zau. Birki ne ke riƙewa, tun daga Kano muna jan motar tana jan mu. Ya tsuguna gaban tayar gaba ya nuna min hob, duka biyun a kulle, ga giyar fowil ita ma a ciki, yadda yaran gona suka bar ta tun damina. Wato injin yana juya ƙafafu huɗu a kan kwalta, inda biyu sun isa. Tayoyin kuma duk an rage musu iska saboda yashin gona, ba wanda ya mayar.

Sannan ya ciro filtar iska. Ya ɗan bubbuga ta a hankali a jikin taya, ƙura ta zubo ja-ja har ta rufe masa yatsun ƙafa. Ya ɗaga ta sama ya leƙa rana ta ciki, ko ɗigon haske babu. Ya ce, "Alhaji, injin gas iska yake ci fiye da mai. In ka toshe masa hanci, man ba ya ƙonewa duka, shi ne baƙin hayaƙin nan da kake gani. Kuɗinka ne ke fita ta salansa." Ya sa yaronsa ya hura ta daga ciki zuwa waje, ya ce ta kai mu, amma a Agadas mu sayi sabuwa. Nozul kuma, masu fesa mai cikin injin, ya ce yana zargin sun gaji, suna ɗiga maimakon fesawa, sai dai shi ba ya taɓa su ba tare da injin gwaji ba. Wannan magana ta ƙarshe ita ta sa na yarda da shi. A gida da tuni an kwance min famfon injekta an shanya a kan kwali, an ce in kawo kuɗin kaya.

Jaka biyar ya nema, na ba shi bakwai, ya maido biyu, ya ce mu zauna shayi. Ana zuba na biyu ya juya kan direbanmu: nawa yake takawa? Direban ya ce 120. Dattijon ya girgiza kai ya ce wannan mota gini ce mai tafiya, ga kaya a kanta suna tare iska, duk abin da ya haura 90 mai kawai ake ƙonawa. Na lura direbobin wannan hanya da lita suke magana. Ka tambayi kowa, zai gaya maka daga Tanut zuwa Agadas lita kaza motarsa ke sha, da kaya kaza, ba kaya kaza, don wanda ya yi kuskuren lissafi a can ba gidan mai a gaba da zai cece shi. Mu kuwa sai dai "zuba na dubu ashirin", allura ta ɗan ɗaga mu kama hanya, shekara goma mutum na tuƙa mota bai san cinta ba.

Daga nan hanyar ta lalace a wurare, muna sauka yashi muna hawa, a nan ne fowil ɗin ta yi ranarta. Mun sayi cuku a Adarbisanat, muka gangara dutsen Tigidit da yamma. Da muka auna a Agadas, lita 16 ta sha a kilomita ɗari, duk da yashin.

Mai masaukinmu ya yanka mana rago, ya kai mu tsohon masallacin nan mai hasumiyar ƙasa, ranar komawa kuma muka tarar ya sa an cika tanki ba da saninmu ba, ya ce in na sake maganar kuɗi zumunci ya ɓaci. Dawowa ba kaya a kariya, ga sabuwar filta, ta sauko 15. Jarkoki biyu ma da su muka dawo Kano ba a buɗe ba. Nozul ɗin na wajen mai gwaji yanzu, ya ce huɗu cikin shida sun tafi, Yaya kuma ya ce tunda ni na gano ciwon, ni zan biya.