Kwali uku, da ɗaya za a je

Asabar. Sanyin jihar Ohayo ta Amurka ya fara nuna hali. Da na fito bayan sallar asuba gilashin mota ya yi fari fat, waya ta ce digiri 2. Saura mako biyu gasar harbi da libarba, kuma har yau ban tsai da harsashin da zan je da shi ba. Kwali uku ne jere a kan teburin gareji, duka haɗin hannuna, kowanne na manna masa takarda da ranar da na yi shi.

Uwargida ta leƙo da kofin shayi, ta gan ni ina goge sikeli. Ta ce, "Malam, yau ma awon albarushin ne? Da haka kake auna kuɗin cefane da mun gina gida a Kano." Na ce ta bar ni da abin da ya dame ni. Ta ajiye shayin can nesa da teburin, don ta san dokar garejin: ba ci, ba sha, ba waya a inda ake haɗa harsashi.

Ƙarfe tara na isa filin harbi. Mutum ɗaya na tarar, dattijon nan Bature da ya koya mini wannan sana'a shekara huɗu da suka wuce. Ya riga ya kafa na'urarsa ta auna gudun harsashi, yana zaune a bayan motarsa yana hura hannu. Shi ne ya fara ce mini wanda zai yi gasar libarba da gaske sai ya koyi haɗa harsashinsa, domin na kanti an yi shi ne don kowace bindiga, ba don taka ba. Ga kuma tsada. Kwanso ɗaya na .38 Special, irin harsashin da nake harbawa, sai ka sake cika shi sau da yawa kafin bakinsa ya tsage.

Bindigata Smith & Wesson 686 ce, mai cin shida, hancinta inci 4. A gasar ICORE, ƙungiyar masu gasar libarba ta duniya, ina cikin rukunin da ba a yarda da faifan nan mai riƙe harsasai ba, sai dai ɗan abin dura shida a lokaci guda. Ƙa'idar da ta hana ni barci ita ce ta ƙarfin harsashi. Za a ɗauki nauyin dalmar da giren, wani ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi, a ninka da gudunta, wato ƙafa nawa take ci a daƙiƙa, a raba da 1000. Abin da ya fito kada ya gaza 120. A ƙananan wasannin da muke yi duk wata ba mai tambayarka. A babbar gasa kuwa za a karɓi harsasai daga cikin jakarka a harba a gaban na'ura, in ka gaza, wahalar yinin ta tashi a banza. Kowa yana son harsashi mai laushi wanda ba ya ɗaga bindiga sama, shi ya sa kowa ke raɓe a bakin 120 kamar masu jiran a buɗe ƙofar banki.

Na fara da kwalin farko, duk da na san ba inda za shi. Dalma ce mai giren 148, kanta a shafe kamar an yanke da wuƙa. Ina ƙaunar wannan harsashi. Yana huda takarda da'ira tsaf, kamar abin huda fayil na ofis, kuma a yadi 25 shida suka taru wuri ɗaya, bakin kofin shayi zai rufe su. Bindiga ko motsi ba ta yi sosai. Amma na'ura ta ce 722. Ƙarfinsa 107 ke nan, bai ko kusa ba. Ga shi in ka zo dura shi da sauri, shafaffen kan nan sai ya ci karo da bakin ramukan ganga, wato abin nan mai juyawa da ake jera harsasai a ciki, ka tsaya kana jijjigawa agogo yana tafiya. An yi shi ne don masu gasar nutsuwa, waɗanda ke tsayawa da hannu ɗaya suna saiti a tsanake. Dattijo ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ka kawo shi ne don ka ji daɗi, ko?" Na ce haka ne.

Kwali na biyu shi ne abin alfaharina. Dalma mai giren 158, kai zagaye, an lulluɓe ta da wani fenti ja don kada ta bar datti a bututu. Wata uku na yi ina rage albarushi kaɗan-kaɗan, ban taɓa fita daga iyakar da littafin masu albarushin ya gindaya ba, har na sami wanda ya yi mini daidai. A watan Agusta, rana tana dukan ƙeya, ya ba ni 775. Wato 122 da ɗoriya. Na rubuta a littafina har da jan layi biyu.

Yau ga abin da na'ura ta karanto: 748, 761, 755, 744, 757, 750. Na tsaya da biro a hannu ina lissafi kamar ɗan aji uku. Matsakaici 752 da rabi. Ƙarfi bai cika 119 ba. Dalma mai giren 158 tana buƙatar 760 kafin ta taɓa 120, kuma cikin shidan nan ɗaya tak ya tsallake. Harsashin bai canza ba, bindigar ba ta canza ba, sanyi ne kawai ya shiga tsakani. Albarushi da yawa haka suke, in gari ya yi sanyi sai su yi nawa. Na san wannan, na karanta, har na taɓa faɗa wa wani. Amma da na ga 775 a Agusta sai na ɗauka an gama magana.

Na ce bari in sake shida, ko na'urar ce ta yi gardama. A na huɗu na ja kunama, sai ƙyas, shiru. Na riƙe bindigar tana kallon gaba na ƙirga talatin a zuci kafin na buɗe. Firamar, ɗan maɓallin nan da ke gindin kwanso wanda guduma ke duka ya kunna albarushi, ta sami ɗan tabo kawai. Wannan laifina ne ta fuska biyu. Na sassauta sifirin ɗin gudumar don kunama ta yi laushi, kuma duk mai yin haka ya san sai da firamar kamfanin Federal, don ita ce mai saurin tashi. Ni kuwa a kwalin nan na yi amfani da wata da na saya lokacin ƙarancin 2020, sa'ad da mutum kan zaga kanti biyar bai sami ko fakiti ɗaya ba. Na biyu, da na shafa gindin sauran da ɗan yatsa, na ji biyu ba su zauna har ƙasa ba. Dukan farko sai ya ƙare wajen tura ta ciki. A gasa wannan ƙyas ɗin yana nufin harsashi biyar gare ka a inda ake buƙatar shida.

Dattijo bai ce komai ba. Ya miƙo mini kofi daga fulas ɗinsa, na ce na gode, na sha shayi a gida.

Kwali na uku na yi shi ne ba da so ba, don kawai a ce akwai. Dalma iri ɗaya da ta biyu, firamar Federal, albarushi ya ɗan fi yawa. Ya ba da 810, wato 128, kuma tsakanin mafi gudu da mafi nawa bai wuce ƙafa 14 ba. Yana dukan tafin hannu fiye da na biyu, ana ji. Sai dattijo ya ciro agogon gasa ya ce mu daina ji, mu auna. Allo uku a yadi 10, biyu-biyu, a dura, a sake. Na yi sau biyar da kwali na biyu, sau biyar da na uku. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba, kuma zagaye mafi sauri duka da na ukun na yi shi. Da'irar da ba a cin tara a allon ICORE faɗinta inci 8 ne. Ka fita zuwa ta gaba a ƙara maka daƙiƙa 1, ta bayanta 2, ka kuskure allon gaba ɗaya a ƙara 5. Wata uku ina fama a kan laushin da agogo ma da ƙyar yake ganinsa.

A hanyar dawowa Yaya ya kira daga gida. Da ya ji inda na fito ya yi dariya ya ce, "Kai dai jinin Kaka ne ya bi ka har Amurka." Ya tuna mini yadda tsohon ke zuba albarushi a tafin hannu, ya dube shi da ido, ya dura a adaka, ya danna tsumma da sanda. Na ce, "Yaya, ni da sikelin da ke gane kashi ɗaya cikin goma na giren, yau na kasa." Ya tambayi mene ne giren. Na ce giren 7000 ne ke yin laba ɗaya. Ya ce Allah ya kyauta, in gai da iyali.

Bayan la'asar na zauna a gaban injin haɗa harsashi na Dillon. Ina buƙatar 300, na gasa da na gwaji. Wannan ne wurin da ba na wasa. An ƙera kwanson .38 Special tun 1898 don baƙin albarushi mai cin wuri, shi ya sa yake da zurfi, na zamani kuwa ɗan kaɗan ne ke kwanciya a ƙasansa. Za ka iya zuba awo biyu a kwanso ɗaya bai cika ba, kuma wannan yana iya fasa bindiga. Ka manta ba ka zuba ba, dalma ta maƙale a bututu, na bayanta ya zo ya same ta. Don haka na ɗaura fitila a kan injin, kowane kwanso sai na leƙa cikinsa kafin in ɗora dalma. Na ɗan ƙara matse bakin kwanson kuma, don kada girgiza ta zaro dalma gaba ta hana ganga juyawa. Kowanne ya fito sai na shafa gindinsa da yatsa.

Na kai 140 aka kira magariba a waya daga falo. Na rufe albarushi, na kulle kabad, na wanke hannu sau biyu da sabulu har gwiwa, don tuwon shinkafa aka yi kuma ba zan ci dalma da miyar taushe ba. Uwargida ta ce, "To, wanne ya ci?" Na ce wanda ban so ba. Kwali na biyu na rubuta masa "gwaji kawai" da jan biro. Saura 160 gobe, kuma sai na goge zoben baƙin da kwanson .38 ke bari a ramukan ganga saboda ya fi su gajarta, don ɗazu biyu sun fara yi mini tauri wajen shiga.