Giyar da ta ƙone a gudu na shida

Ranar da muka kwance kwanon man giyar, ƙauri ne ya fara tarbar mu. Man da ya kamata ya zubo ja ya fito baƙi ƙirin. Maigidana ya dangwalo shi da yatsa, ya murza, ya miƙo mini in gani. Gari ne a ciki, garin fatun kuloci. Maganaɗisun da ke gindin kwanon kuwa ya yi gashi da ɓurɓushin ƙarfe. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Yaro, wa ya ce a bar wannan giyar a cikin motar nan?"

Ni ne na ce. Mai motar tseren miƙe yake yi, irin wanda motoci biyu ke jeruwa su tashi daga tsaye, wanda ya riga kai ƙarshen kwatar mil, wato mita 402, shi ya ci. Mun ɗora wa injinsa turbo, na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska, har ƙarfinsa ya doshi doki 900. Giyar kuwa atomatik ce mai hawa huɗu da motar ta zo da ita, wadda aka ƙera don zuwa aiki da dawowa gida. Na canza mata fatun kuloci, na ƙara mata matsin mai, na bugi ƙirji na ce za ta ɗauka. Gudu shida ta yi.

Kunya ta sa na kwana ina karatu. Da safe na iso gareji bakina cike da sunayen giyoyi, na tambayi Maigida wacce ce a cikinsu ke ɗaukar doki 900. Ya dube ni ya ce, "Motar nauyinta nawa?" Ban sani ba. Wata uku ina ƙarƙashinta, ban taɓa tunanin ɗora ta a sikeli ba. Da muka auna ta da direba a ciki, ta kai kilo 1,650.

Ashe a nan gizo ke saƙar. Adadin doki shi kaɗai ba ya karya giya. Abin da ke karya ta shi ne ƙarfin murɗa idan ya tarar da abin da ya ƙi motsi. A filin tsere ana fesa wa kwalta wani abu mai danƙo, tayoyin baya kuma faffaɗa ne, sumul, ba zane. Idan suka kama ƙasa, babu inda bugun zai tsere, sai cikin sandar giya da haƙoranta. Mota mara nauyi tana zabura ta ba shi hanya. Mai nauyi kuwa turjewa take yi, ƙarfen ciki ya sha.

Da farko zuciyata tana kan Powerglide, don ita ce a bakin kowa. Abin mamaki ne a ce giya mai hawa biyu kacal, wadda General Motors ya fara sa wa motocin Chevrolet a 1950, ya koma yi mata gidan alminiyam a 1962, ya daina ƙera ta a 1973, ita ce har gobe ke cike filayen tsere. Sai dai sunan ne ya rage. Yawancin waɗanda ake tsere da su yau, daga gidan har sanda har haƙora, masu ƙera kayan tsere ne suka yi su sababbi. Kayan cikinta kaɗan ne, ba ta da nauyi, sau ɗaya take canji, don haka abin da zai lalace bai da yawa. Giyarta ta ɗaya 1.76 ce ko 1.82, ta tsere kuma galibi 1.80, wato yawan juyin sandar da ke shiga giya kafin mai fita ta juya sau ɗaya, kuma wannan lalacin nata wajen tashi alheri ne ga injin da ƙarfinsa ya yi wa taya yawa, domin yana hana ta sulɓi.

Maigida ya ce in ɗauko biro. Giyar aksil ɗin baya 4.10 ce. A ninka da 1.80, ya ba da 7.4, wato sau nawa ake ninka ƙarfin murɗar injin kafin ya kai taya wajen tashi. A ninka da 2.48, giyar farko ta TH400, wata giyar atomatik ta General Motors, ya ba da 10.2. Ga mota mai nauyin tamu, wadda turbo ɗinta ke ɗan jinkiri kafin ya cika, wannan tazarar ita ce bambancin zabura da jan ƙafa. TH400 ta fito a 1964, hawa uku gare ta, 2.48 da 1.48 da 1.00. Ta fi nauyi, tana kuma cin wani kaso na ƙarfin injin kafin ya kai taya, amma ita muka ɗauka. Na ɗan yi kwaɗayin 4L80E, ƙanwarta ta 1991 mai ƙarin hawa na huɗu, 0.75, don tafiyar babban titi. Sai dai motar nan a tirela ake kai ta fili a dawo da ita, to me za a yi da ƙarin nauyi da kwamfutar da za ta sarrafa hawan da ba za a taɓa shiga ba? Masu Ford za su ce C6, masu Chrysler su ce 727, kuma duk tsofaffin jarumai ne, gardamar ba ta ƙarewa.

Na ɗauka an gama, ashe tsugune ba ta ƙare ba. TH400 ma tana da lagonta. A cikinta akwai wata ganga mai nauyi da ke juyawa da baya a giya ta ɗaya, ta tsaya cak a ta biyu, sannan a ta uku ta kama gudun injin. Abin da ke tare ta wani makulli ne mai barin juyi ta gefe ɗaya kawai. Ka yi tunanin tsayar da ƙarfe mai juyi dubbai a minti cikin ƙiftawar ido. Mun sa makulli mai haƙora 34, muka canza gangar da ta alminiyam, sandar da ke shigo da ƙarfin injin cikin giya kuma ta ƙaƙƙarfan ƙarfen da ake kira 300M. Idan gangar nan ta tarwatse, tana kusa da ƙafar direba, shi ya sa hukumar tseren miƙe ta Amurka, NHRA, ta wajabta garkuwar giya mai shaidar inganci ta SFI 4.1 ga motar da ke gama kwatar mil cikin daƙiƙa 10.99 ko ƙasa da haka. A da kallon ƙa'idar takarda nake yi wa wannan doka. Da na ɗaga gangar ƙarfen da hannu biyu, sai na daina.

Inda na fi daɗewa ina koyo shi ne kwanbata, tulun man da ke tsakanin injin da giya a madadin kuloci. Ita ke yanke hukuncin iya juyin da injin zai kai kafin mota ta motsa. Idan ta yi tsauri, turbo ba zai cika ba. Idan ta yi sako-sako, ƙarfi ya zama zafi. Sai kuma birkin giya, maɓallin da ke kama giya ta ɗaya da ribas lokaci guda, mota ta daskare direba na take da totur har ƙasa. Yana sakin maɓallin, ribas ya saki, mota ta fita kamar an harba kibiya. Amma duk daƙiƙar da yatsansa ke kai, ƙarfin injin gaba ɗaya mai yake dafawa. Man giya ya fi son ya zauna wajen digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyas, idan ya haura 120 ya fara ƙonewa, robobin ciki su taurare. Muka sa babban masanyayi mai fanka, da kwano mai zurfi, da agogon zafi a gaban direba.

Direban ma sai da Maigida ya zaunar da shi. "Yallaɓai, in za ka ɗumama taya, fara a ta biyu ka wuce ta uku, kada ka bari ta kama ƙasa bagatatan. In ka tsallake layi kuma, kada ka jefa ta a firi tana gudu." Mutumin ya yi dariya ya ce haka ya saba. Maigida ya ɗauko tsohon kwanon, ya ajiye masa a gaba.

Ranar gwajin farko ni aka ba agogo. A gudu na biyu na ƙirga daƙiƙa takwas yana danne da maɓalli, yana jiran abokin karawarsa ya daidaita. Da ya dawo, allurar zafi tana kan 112. Yana so ya koma layi nan take, Maigida ya zare makullin ya sa a aljihu, ya ce in kawo fanka in sa ƙarƙashin motar. Muka zauna a inuwar tirela kusan rabin awa har allurar ta sauko.

Washegari na kwance kwanon. Man ja ne, maganaɗisun da ɗan toka-toka kaɗan, irin na sabon ƙarfe. Maigida ya murza a yatsa, ya shinshina, ya goge a tsumma, ya ce in rubuta kwanan wata da adadin gudu a littafi, in sake buɗewa bayan gudu ashirin.