Hangen Andromeda daga tudun Aburi

A Nima ba a ganin galaksi, wato tarin biliyoyin taurari, da kyau, komai kyan madubin hangen nesanka. Fitilun Accra sun cinye sararin sama, Disamba na shigowa kuma hazon hunturu ya ƙarasa sauran. Shi ya sa a watan Nuwamba, daren da babu farin wata, ni da ƙanena muka ɗauki madubi mai faɗin inci 6 muka hau tudun Aburi da ke arewa da Accra, muka ba hasken gari baya, muka fuskanci arewa.

Galaksin Andromeda muka nufa, wadda haskenta ke shafe shekara miliyan 2.5 kafin ya iso duniya. Ƙanena na leƙawa sai ya ce, "Yaya, saboda wannan ɗan farin tabon muka ƙona kuɗin mota?" Hotunan intanet ne suka sangarta shi. Kyamara ce ke zama tana tara haske na sa'o'i kafin a samu irinsu, ido kuwa ba ya ajiya.

Tabon da ya raina shi ne cibiyar galaksin, dunƙulen tsofaffin taurari. Kewaye da ita akwai shimfiɗaɗɗen fili mai hannuwa a nannaɗe kamar saƙar faifai. Hannuwan nan wuraren cunkoso ne. A can iskar gas da ƙura ke matsuwa har su haifi sababbin taurari shuɗɗa masu tsananin zafi, waɗanda ke mutuwa tun ba su yi nisa da mahaifarsu ba. Ga shi Andromeda a karkace take gare mu, kusan ta gefe muke kallonta, sai hannuwan su ɓuya.

Muka kashe wayoyi, muka bar ido ya saba da duhu kamar minti 20, na sa gilashin da ba ya zuƙowa da yawa. Na ce masa ya daina ƙura mata ido, ya kalle ta da wutsiyar ido. Nan take tabon ya miƙe ya yi tsawo, ƙaramar galaksi maƙwabciyarta mai suna M32 ta fito a gefe.

Masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya rubuta Andromeda a matsayin ƙaramin gajimare tun wajen shekarar 964, da ido kawai. Nannaɗewar hannuwa kuwa sai a 1845 masanin taurari Lord Rosse ya fara ganinta a Ailan, a jikin wata galaksi mai suna M51 wadda ke fuskantarmu sosai, kuma madubinsa inci 72 ne. Mai inci 6 irin nawa, cibiya da tsawon jiki ne rabonsa.