Takalman garmar ƙanƙara sun daina cinye min kuɗi

Hunturun da na fara ture dusar ƙanƙara da kaina a gidan da muke zaune a wajen garin Winnipeg na ƙasar Kanada, wallahi kafin Janairu ya ƙare takalman garmata sun suɗe tas. Ga wanda bai taɓa gani ba, garmar wani faffaɗan ƙarfe ne da ake ɗaurawa a gaban a-kori-kura, ta bayanta daga ƙasa akwai ƙarafa biyu masu zagaye kamar murfin ƙaramar tukunya, su ne takalman, su ke ɗauke bakinta kada ya riƙa kartar ƙasa yana kwashe tsakuwa yana zubawa cikin ciyawa. Hanyar gidanmu kuwa tsakuwa ce zalla.

Ranar da na ciro na gefen dama na riƙe a hannu, gefe ɗaya ya yi kaifi kamar aska, sandar tsakiya da ke riƙe takalmin a jikin garma har ta fara leƙowa ta ƙasa. Raina ya ɓaci sosai, don ni na jawo. In na gama namu sai in wuce in taimaka wa wata tsohuwa maƙwabciyarmu, kuma ba na ɗaga garmar in na hau kwalta, haka nake jan ta da gudu, to busasshiyar kwalta ai dutsen wasa wuƙa ce, ga nauyi sama da kilo 300 a kan 'yan ƙarafan nan biyu, ga zafin gogayya, ina za su kai?

Abin da ya fi yi min amfani shi ne wosha-woshan da ke jere a jikin sandar, wato 'yan faifan ƙarfe masu rami a tsakiya da ake ɗaga takalmi ko sauke shi da su. A Nuwamba ƙasa ba ta daskare ba tukuna, sai in ajiye garmar a kan siminti mai lebur, in sa katako mai kaurin santimita 1 da ɗoriya a ƙarƙashin bakinta, in jera wosha ta ƙasan sandar har takalman su taɓa ƙasa. Zubowar farko ma ba na kankare ta duka, ina barin kaɗan mota ta danne ta yi shimfiɗa, a kan ƙanƙara takalmi zamewa kawai yake ba ya ciwuwa. Da ƙasa ta daskare ta zama dutse a Disamba sai in mayar da woshan sama, takalman su ɗage, bakin garma ya yi aikinsa. Minti goma bai kai ba.

Sai walda. Wani abokina mai walda ya yanko guntun tsohon sifirin mota ya liƙa a tafin kowanne, ya bi kai da waya mai taurin nan da ake shafa wa haƙoran katafila. Ya ce, "Malam, ka riƙa kawowa tun da sauran nama a jiki, in ya zama takarda ba abin da wuta za ta kama." Ya kuma ja min kunne cewa wasu takalman zubin ƙarfe ne, in ba a ɗumama su ba kafin walda tsagewa suke yi. Akwai masu sa farantin AR400, wani ƙarfe mai taurin gaske da ba ya saurin ciwuwa, shi ma yana jurewa ƙwarai.

Tunda na fi karkata garmar dama, na wannan gefen ya fi saurin ci, don haka tsakiyar hunturu nake musanya su, in wanke gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara, in shafa wa sandar giris. Wannan hunturu na uku ke nan da su, jiya na duba layin waldar yana nan bai shafe ba.