Kwamfutar Kawu ba ta mutu ba

Zafin Garwa yau ba a magana, fanka ma iska mai zafi take hurowa. Shago shiru, fotokofi kaɗan, sai wata yarinya da na cike wa takardun konkur, wato jarrabawar gasar shiga makaranta ko aikin gwamnati.

Bayan la'asar Kawu ya shigo da kwamfutarsa a leda, fuska ba walwala. Wai ya kai ta wajen wani mai gyara a kasuwa, mutumin ko minti biyar bai yi da ita ba ya ce ta mutu, a bar masa a jaka ashirin ya cire kayan ciki. Na ce Kawu zauna tukuna ka sha ruwa.

Na kunna, Windows ta tashi lafiya lau, Word ya buɗe ba gardama. Ana taɓa Chrome, burauzar shiga intanet, sai komai ya tsaya cak, fankar ciki ta hau kuka, ga shafuka jere a sama sun matsu har sunayensu ba sa fitowa. RAM ɗinta, wato wurin da take riƙe aikin da take kan yi, giga 4 ne kacal, Windows kaɗai tana cin kaso mai tsoka, burauza kuma kusan kowane shafi da nasa rabon take ware masa, to in wurin ya cika sai na'ura ta koma jibge kaya a faifan ajiya, nata kuwa tsohon nan ne mai juyawa, daga nan nauyin yake zuwa. Na danna Shift da Esc a cikin burauzar, jerin masu cin RAM ya fito. Na farko ma ba shafi ba ne, wani ekstenshan ne, wato ƙaramar manhaja da ake liƙa wa burauza, na sauke bidiyo da Kawu ya rantse bai taɓa ganinsa ba. Don in tabbatar na buɗe tagar sirri da Ctrl Shift N, tunda can ekstenshan ba sa aiki sai an ba su izini, shafi ya buɗe fes. Na cire shi, na kunna abin tanadin RAM da Chrome ya kawo tun ƙarshen 2022, mai sa shafin da aka daɗe ba a taɓa ba ya yi barci.

Da na kai hannu zan rufe shafukan sai ya riƙe min hannu.

"Kar ka rufe, ɗan nan. In suka tafi ban san ta inda zan samo su ba."

Na ce Kawu tun yaushe suke a buɗe? Ya ce tun da ɗansa Auta ya buɗe masa su kafin ya wuce Duwala. Tafsiri, labaran Hausa, shafin lokutan salla, har da na maganin hawan jini. Duk lokacin nan lallaɓa su yake, ko kashe na'urar tsoro yake ji, sai dai ya rufe murfi. Wallahi jikina ya yi sanyi. Mutumin da ya koya wa rabin unguwarmu karatu, a ce ba wanda ya zauna da shi ya nuna masa tauraron nan na ajiye shafi, har ni da shagona ke bakin layinsu.

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, shi ke danna Ctrl da D da kansa, ya ajiye ya rufe. Na nuna masa Ctrl Shift T mai dawo da wanda aka rufe, sai da ya gwada ya ga ya dawo sannan ya saki ransa. Ya rubuta maɓallan da zai danna a bayan katin asibitinsa.

Mai gyaran nan ne har yanzu yake ci min rai. Tsofaffi nawa ya karɓe wa na'ura mai rai haka?

An ɗauke wuta kafin magariba. Inna ta aiko da dambu. Gobe zan kwance bayan kwamfutar in ga ko akwai gurbin ƙara RAM, in share ƙurar fanka gaba ɗaya, sannan in kira Auta, ya daɗe bai kira babansa ba.