Abin da ya sa muke zana wa abokan cinikinmu shafi

Mu uku ne a ɗan ofishinmu da ke kusa da Taminus a Jos, aikinmu gina wa 'yan kasuwa da makarantu shafin intanet. Ni da ƙanena ke haɗa shafin, ta ukunmu kuwa zane kawai take yi, kuma hannunta ne ke jawo mana yawancin ciniki.

Hotunan kyauta da ke yawo a intanet galibi na Turawa ne sanye da kwat suna washe baki gaban kwamfuta. To ka ɗora wannan a shafin dillalin kayan gwari na Farin Gada, wa zai yarda nasa ne? Shi ya sa take zama a manhajar zane ta Inkscape ko Figma ta zano dattijo da zanna bukar a ka, buhunan dankalin Bokkos a jingine, kwandon tumatir da busasshiyar ciyawa a bakinsa, mai Keke Napep na jiran lodi. Kala uku ko huɗu take ɗauka daga tambarin mai shagon, ba ta ƙarawa.

Ga kuma maganar data. Hoton da aka ɗauka da waya kan kai megabait uku ko huɗu, zane mai sauƙi in an adana shi a tsarin hoto da ake kira SVG sau da yawa bai wuce 'yan kilobait ba. SVG lissafin layi da siffa ne, ba tarin ɗigo ba, don haka ko a ƙaramar itel ko a faffaɗan allo aka buɗe shi ba ya dishewa. Wanda sabis ke masa wasa a Mangu ba zai tsaya jiran hoto ya sauko ba, fita zai yi.

Akwai abin da sai a nan gida ake cin karo da shi. Wani mai Islamiyya ya ce min, "Malam, ka yi yadda ka ga dama, amma ban da fuskar mai rai, kuma iyaye ba za su so a baza hoton 'ya'yansu ba." Muka zana yaran ta baya, 'yan mata cikin hijabi, kowa da allonsa a cinya. Inda dole mutum ya fuskanto mai kallo, sai mu bar fuskar fili, ba ido ba hanci. Ya karɓa bai canza komai ba.

Amma kayan sayarwa ba na yarda a zana su. Mai shadda ko atamfa dole ya kawo hoto na gaske, domin mai saye na son ganin sheƙin yadin da ainihin launinsa, in ba haka ba rigima ce ranar da kaya suka isa. Zane aikinsa bayani: yadda za ka yi oda, yadda za ka tura kuɗi, tashar da za ka karɓi saƙonka. Kowane zane kuma muna rubuta masa gajeren bayani a ɓoye, wanda manhajar makafi ke karantowa, wanda kuma ke fitowa idan hoton ya ƙi buɗewa.