Hoton sama daga kan Dutsen Dala

Masu fita ɗaukar hoton sararin sama, lokaci ya fi tsadar kyamara muhimmanci. Daga kan Dala, haske mai kyau yana cikin minti 30 na farko bayan fitowar rana, sai kuma gab da magariba. Da tsakar rana sama fari fat take fitowa, inuwa kuma baƙi ƙirin.

Damina ce kakar gajimare, musamman Agusta, bayan ruwa ya wanke ƙura. Ka sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100, buɗewar gilashi f/8, ka auna haske a kan gajimaren da ya fi haske, ba kan rufin gidaje ba. In ka auna a ƙasa, sama za ta ƙone, wato haske ya yi mata yawa har ta fito fari fat, kuma abin da ya ƙone a hoto ba ya dawowa ko an kai shi kwamfuta. Mai waya ma haka: ka danna yatsa kan sama, ka rage hasken kaɗan. Ka bar wa gari kashi ɗaya cikin uku na hoton, sauran na gajimare.

Hunturu sai da hattara. Kada ka canja gilashin kyamara a fili. Ƙura na shiga ta zauna kan sensa, wato ɓangaren da ke ɗaukar hoto a cikin kyamara, sai ɗige-ɗige su cika sama, balle in an tsuke buɗewar gilashi zuwa f/16. Amma hazon nan ne ke fito da rana ja, zagaye kamar faifai, kuma a ganina babu kamarta.

In hadari ya haɗu, aka fara walƙiya, naɗe ƙafar kyamara ka sauko daga dutsen nan take.